Hutu a Elmina: Garin Masunta Ne Kafin Ya Zama Garin Baƙi

Da sanyin safiya, gadar da ke kan bakin tafkin Benya a garin Elmina na ƙasar Ghana takan cika maƙil da jama'a. Ta ƙarƙashinta kwale-kwale ke shigowa ɗaya bayan ɗaya daga kwanan teku, kowanne da irin fentinsa da tutocinsa, wasu na ƙasashe, wasu na ƙungiyoyin ƙwallo. Mata masu sarin kifi na tsaye da manyan bahuna suna ciniki da ƙarfin murya, samari na kutsawa cikin ruwa suna fito da kaya a ka, hayaƙin bandar kifi kuma ya turnuƙe unguwannin da ke bayan kasuwa. Daga gefe ga wani farin gini mai ganuwa da ya haura shekara 540 yana fuskantar teku. Idan hantsi ya dubi ludayi sai motocin 'yan yawon buɗe ido su fara isowa. Baƙin su shiga ginin, su fito jiki a sanyaye, su ɗauki hoton kwale-kwale daga nesa, da yawansu kuma su koma mota ba tare da sun sayi ko ƙullin gyaɗa a cikin gari ba.

Hutu a ƙananan garuruwan bakin teku yana ƙara samun karɓuwa a duniya, har da Afirka ta Yamma. Mutanen da hayaniyar manyan birane ta gajiyar suna neman wurin da za su sha iska, su ci kifin da aka kamo a ranar, su ga rayuwar da ba ta gaggawa. Sai dai wannan sha'awa tana tafe da hatsari. Abin da ke jawo baƙo irin wannan gari shi ne rayuwar masunta, kuma ita ce ke fara lalacewa idan kifi ya ƙare ko kuɗin baƙi suka mamaye gaɓa. Matsayin wannan rahoto shi ne cewa hutu a Elmina da makamantanta yana da amfani ga baƙo da mai gari ne muddin tashar kamun kifi na raye, don haka ita ya kamata a sa a gaba, masauki da shagon tsaraba su biyo baya.

Garin da teku ta raina

Elmina, wadda mutanenta ke kira Edina, tana Yankin Tsakiya na Ghana, kimanin kilomita 150 yamma da Accra, tafiyar 'yan mintoci daga Cape Coast. Mazaunanta sun haura dubu 30, mafi yawansu masu magana da harshen Fante. Tun kafin zuwan Turawa ana su da dafa gishiri a nan, saboda tafkin Benya ya ba garin mafakar da kwale-kwale za su shiga su tsira daga igiyar ruwa, abin da ba kowane gari na wannan gaɓa ya samu ba. Neman zinariya ne ya kawo Turawan Fotugal, kuma a 1482 Diogo de Azambuja ya gina sansanin da har yau yake tsaye, wanda ake ɗauka a matsayin ginin Turawa mafi daɗewa a Afirka kudu da Sahara. Turawan Holan sun ƙwace shi a 1637, kuma a zamaninsu ya zama ɗaya daga cikin manyan wuraren tara bayi kafin a loda su a jiragen ruwa. A 1872 suka miƙa wa Ingila, wadda a shekara mai zuwa ta yi wa tsohon garin ruwan igwa ta ƙone shi saboda goyon bayan da mutanensa suka ba masarautar Ashanti. A wannan gini aka tsare Sarkin Ashanti Prempeh na Ɗaya a 1896. Hukumar UNESCO ta sanya shi cikin wuraren tarihi na duniya a 1979.

Abin lura a wannan dogon tarihi shi ne masu mulki sun zo sun tafi, cinikin zinariya ya mutu, na bayi ya mutu, amma kwale-kwalen da ake sassaƙawa daga itacen wawa bai daina fita ba. Hatta kalandar garin teku ce ta tsara ta. Ranar Talata ba a fita su. Bikin Bakatue, wanda ake yi a Talatar farko ta watan Yuli, yana zuwa ne bayan makonnin da aka hana kamun kifi a tafkin Benya, kuma ranar ce ake jefa taru a gaban sarki da jama'a don buɗe sabuwar kaka. Akwai sarkin masunta mai sasanta rigingimun teku, akwai shugabar mata masu kifi wadda ke da ta cewa a kan farashi. Duk abin da baƙo zai kira kyan Elmina, daga wannan tsari ya fito.

Abin da ya buɗe wa baƙi hanya

Ghana ta daɗe tana kiran jikokin bayin da aka kai Amurka da tsibiran Karibiyan su zo su ga inda kakanninsu suka fito. An fara bikin PANAFEST a 1992, kuma ziyarar da Barack Obama ya kai gidan bayi na Cape Coast a 2009 ta ƙara fito da yankin a idon duniya. Babban yunƙurin shi ne na 2019, shekarar da gwamnati ta ware don komawa gida, cikar shekara 400 da saukar da bayin Afirka a Virginia. A wannan shekara baƙin da suka shiga ƙasar sun haura miliyan 1, kuma tun daga nan watan Disamba ya zama lokacin cikowar baƙi. Ga kuma dajin Kakum, kimanin kilomita 30 arewa da Cape Coast, mai gadojin igiya da aka rataya a saman bishiyoyi tun 1995. Wannan ya sa kamfanonin yawo suka tsara tafiya ta yini ɗaya: a baro Accra da asuba, a hau gadar Kakum, a zaga gidan bayi, a koma birni da dare.

A nan matsalar farko take. Tafiyar yini ɗaya tana kawo ƙafa da yawa, amma kuɗi kaɗan take bari. Kuɗin mota da na jagora a Accra aka biya su. Kuɗin shiga gidan bayi na hukumar gidajen tarihi ta ƙasa ne. Waɗanda suka kwana kuwa, galibi a otal-otal ɗin da ke wajen gari suke sauka, masu katanga da nasu bakin ruwa da nasu wurin cin abinci. Abin da ya rage wa 'yan gari shi ne sayar da awarwaro da zanen suna a jikin ƙwanson teku a ƙofar sansanin, inda samari ke rububin baƙo ɗaya. Baƙon ya tafi yana cewa an dame shi, samarin su koma gida suna cewa baƙi ba su da hannu. Kowanne yana da gaskiyarsa, domin tsarin ne bai haɗa su a inda za su amfani juna ba.

Teku ta fara rowa

Matsala ta biyu ta fi ta farko girma, ko da yake mai hutu ba lallai ya gan ta ba. Kifi shi ne kusan kashi 60 cikin 100 na naman da 'yan Ghana ke ci, kuma mutane fiye da miliyan 2 ne abincinsu ya rataya a kan sana'ar, daga mai tuƙi zuwa mai banda zuwa mai dakon kaya. Ginshiƙin wannan sana'a ƙananan kifaye ne dangin sadin, waɗanda ke yawaita tsakanin Yuli da Satumba idan ruwan sanyi ya taso daga ƙasan teku. Tun daga shekarun 1990 abin da ake kamawa na irin wannan kifi yake raguwa, har masana suka ƙiyasta cewa ya faɗi da kusan kashi 80 cikin 100 a cikin shekara 20. Dalilan ba ɓoyayyu ba ne. Kwale-kwale sun yi yawa, sun haura dubu 12 a faɗin gaɓar ƙasar. Wasu masunta na amfani da fitila mai ƙarfi da dare da taru mai ƙananan idanu da ke kwashe har 'ya'yan kifi. Ruwan teku kuma yana ƙara ɗumi.

Sai kuma abin da ake kira saiko, wanda Elmina ta zama babbar cibiyarsa a shekarun baya. Manyan jiragen da aka ba lasisin kama kifin ƙasan teku sukan kwashe ƙananan kifayen da masu kwale-kwale suka dogara da su, su daskarar da su, su sayar wa wasu manyan kwale-kwale a tsakiyar teku, a kawo gari a sayar wa mutanen da aka raba da abincinsu. Ƙungiyar Environmental Justice Foundation ta ƙiyasta cewa a 2017 kaɗai an sauke kusan tan dubu 100 ta wannan hanya, ta kuma nuna cewa mafi yawan jiragen suna da alaƙa da kamfanonin ƙasar Sin, ko da yake tutar Ghana suke ɗauke da ita. A 2021 Tarayyar Turai ta yi wa Ghana gargaɗi a hukumance kan kamun kifi ba bisa ƙa'ida ba. Gwamnati ta matsa wa masu saiko, ta kuma fara rufe teku na wata guda ga masu kwale-kwale a 2019, sannan a 2023 aka buɗe sabuwar tashar kamun kifi a Elmina. Matakai ne masu kyau, amma tasha ba ta haifar da kifi. Idan kwale-kwale ya ƙona man fetur na kwana biyu ya dawo da baho uku, matar da ta ba da jarin man ta shiga bashi, saurayin da ke jan taru kuma ya fara tunanin barin gari.

Masu cewa baƙi za su maye gurbin kifi

Akwai masu ganin cewa wannan duka hujja ce ta rungumar yawon buɗe ido hannu bibbiyu. A cewarsu, tunda kifi yana ƙarewa, gara a share gaɓa, a mayar da masu banda can nesa, a gina otal-otal, 'ya'yan masunta su zama ma'aikatan masauki masu albashin wata. Maganar tana da ƙanshin gaskiya, domin aikin otal ba ya kifar da mutum a teku, kuma garin na buƙatar wata hanyar samu. Amma lissafin bai fita ba. Kwale-kwale babba ɗaya yakan ɗauki mutum 15 zuwa 20, bayansu kuma akwai masu sassaƙa, masu gyaran inji, masu ɗinkin taru, masu ƙanƙara, masu itace da matan banda da ke aika kifi har kasuwannin Kumasi da arewacin ƙasar. Babu adadin ɗakunan kwana da ƙaramin gari zai gina ya ɗauke wannan jama'a. Ban da haka, baƙi suna da kakarsu, kuma suna iya ɗaukewa dare ɗaya. Cutar Ebola ta 2014 ba ta shiga Ghana ba, amma ta kori baƙi daga yankin baki ɗaya. A 2020 annobar korona ta rufe iyakoki da gidajen tarihi. A waɗannan lokuta abin da ya ciyar da Elmina daga teku ya fito.

Garuruwan Turai da suka riga suka bi wannan hanya sun isa ishara. Saint-Tropez ta Faransa ƙauyen masunta ce a da, yau kuwa tasharta cike take da jiragen shaƙatawa na attajirai. A St Ives da ke yankin Cornwall na Ingila, masu kuɗi daga birane sun saye gidaje don hutun bazara har 'yan gari suka kasa samun muhalli, abin da ya sa a 2016 mazauna suka kaɗa ƙuri'a da gagarumin rinjaye don hana sayar da sababbin gidaje ga wanda ba zai zauna a cikinsu ba. Wanda ya kori masunta don ya faranta wa baƙo, kamar wanda ya yanka saniyar tatsa ne don ya yi wa baƙon miyar dare ɗaya.

Wani ƙorafin da ake yi shi ne na ƙazanta. Gaskiya ne robobi da shara sun ɓata sassan gaɓar Elmina da bakin tafkin Benya, kuma ƙarancin makewayi a tsofaffin unguwanni matsala ce da ba a musunta ta. Amma maganin wannan shi ne ruwan famfo da makewayi da motar kwasar shara, waɗanda 'yan gari suka fi baƙo buƙata, tunda su ne 'ya'yansu ke kwanciya ciwo. Idan aka tsabtace gari saboda masu shi, baƙo zai amfana. Idan kuwa aka tsabtace zirin da baƙo ke bi kaɗai, an ɓoye ciwon ne, ba a warkar da shi ba.

Shin ya dace a huta a ƙofar gidan bayi?

Daga wani ɓangaren kuma akwai masu jin cewa bai kamata a haɗa sunan Elmina da hutu ba. Wurin da aka cusa mutane a ɗakunan ƙarƙashin ƙasa marasa iska, aka fitar da su ta wata ƙuntatacciyar ƙofa zuwa jirgi, a ganinsu maƙabarta ce, ba wurin shan iska ba. Tun a shekarun 1990, lokacin da ake gyaran waɗannan gine-gine, wasu baƙaƙen fata na Amurka suka koka cewa fenti da ƙawa suna shafe munin abin da ya faru. Wannan magana ta cancanci girmamawa, kuma duk wanda ya shiga ginin ya kamata ya shiga da natsuwa, ya bar raha da ɗaukar hoton ado a waje. Sai dai a tuna cewa a bayan ganuwar akwai mutane dubbai da ke aure da suna da kasuwa, kuma ba adalci ba ne a mayar da garinsu wurin kuka kawai. Hasali ma, wanda ya zaga gidan bayi ya shige mota nan take ya ga rabin labari ne. Wanda ya kwana biyu ko uku, ya hau tudun sansanin St. Jago ya hango garin, ya bi lunguna ya ga gine-ginen tarihi na rundunonin gargajiya na Asafo da maƙabartar Turawan Holan, shi zai fahimci yadda gari ɗaya ya zauna da wannan ciniki, ya ci ribarsa, ya kuma ɗanɗana kuɗarsa.

Bahaushe da bakin teku

Mai karatu a Kano ko Maraɗi zai iya cewa wannan harkar Turawa ce, mu tafiyarmu ta fatauci ce ko zumunci ko ibada. Amma wannan gaɓa ba baƙuwar Bahaushe ba ce. Fataken goro sun yi ƙarnuka suna bin hanyar Gwanja, kuma kasuwar Salaga da suke sauka, kasuwar bayi ce kuma, wadda mutanen da aka kamo daga arewa suka bi ta cikinta zuwa kudu. A yaƙin Ingila da Ashanti na 1873 zuwa 1874 an kawo sojojin Hausawa daga Legas, rundunar da John Glover ya kafa. Daga sojoji da fatake da malamai ne zangonnin kudancin Ghana suka bunƙasa, shi ya sa har yau matafiyi zai ji Hausa a garuruwan gaɓar, ya sami masallaci, ya karya da koko da ƙosai. Tarihin da ke cikin wancan farin gini ya shafe mu ta fuskoki biyu, ta waɗanda aka sayar da ta waɗanda suka yi ciniki, kuma gani ya kori ji.

Tafiyar ma ba ta gagari mai matsakaicin ƙarfi ba. Yarjejeniyar ECOWAS ta 1979 ta ba ɗan Najeriya damar shiga Ghana ba tare da biza ba har kwana 90, da fasfonsa da katin rigakafin shawara. Ana iya bin hanyar mota daga Legas ta Kwatano da Lome zuwa Accra. Wanda ke ƙyamar abin da ake gani a wasu wuraren shaƙatawa na bakin ruwa zai tarar cewa garin masunta wuri ne na aiki da iyali, inda mace mai lulluɓi ba za ta zama abin kallo ba. Abu ɗaya da ya kamata mutumin tudu ya kiyaye shi ne ruwan kansa: tekun wannan gaɓa tana da ja mai ƙarfi, ba ta yi kama da kogi ko dam ba, kuma bai kamata a shiga ko a bar yara su shiga ba sai inda 'yan gari suka ce babu hatsari.

Nauyin da ke kan kowa

Mafi girman nauyi yana kan hukuma. Dole a ci gaba da tsare yankin teku na kusa da gaɓa da doka ta keɓe wa masu kwale-kwale, a hukunta jirgin da ya keta shi ko na wane ne. Idan za a rufe teku don kifi ya hayayyafa, a tanadar wa iyalai abin da za su ci a wannan wata, in ba haka ba yunwa za ta karya dokar. Ya kamata wani sanannen kaso na kuɗin shiga gidan bayi ya riƙa komawa ga ruwa da makewayi da kwasar shara a cikin gari, a kuma bayyana wa jama'a adadinsa. Filin da ake jan kwale-kwale da shanya taru da bandar kifi a rubuta shi a matsayin na al'umma tun kafin masu neman filin otal su kai gare shi. Masu otal kuma su sayi kifinsu kai tsaye daga matan gari, su ɗauki 'yan gari aiki har a matakin shugabanci.

Shi ma mai hutu yana da rabonsa, kuma ba mai wuya ba ne. Ya kwana a garin maimakon ya ratsa shi. Ya ɗauki jagora ɗan gari, ya ci dokunu da soyayyen kifi a inda 'yan gari ke ci, ya yi sallama ya nemi izini kafin ya ɗaga waya a fuskar mai aikinta, domin masu kifi sun gaji da zama abin ɗauka a hoto ba gaisuwa. Ya san cewa Talata ba ranar ganin shigowar kwale-kwale ba ce, ya kuma girmama dalilin. Duk kuɗin da ya kashe a cikin gari yana ƙara wa iyalin masunci ƙarfin jure shekarun da kifi ke buƙata kafin ya farfaɗo. Elmina za ta iya ɗaukar baƙi fiye da waɗanda take samu yanzu, kuma tana buƙatar su. Sharaɗin kawai shi ne a auna nasarar harkar da yawan iyalan masunta da suka ci gaba da zama a garinsu suna cin abinci daga sana'arsu, kafin a ƙirga motocin da suka tsaya a ƙofar sansani.